Gyaran Hanyar Hukunta Gidajen Rediyo Da Talbijin: Abin Da Ya Shafi Masu Jari

A ran 10 ga watan Mayu, 2023, Babbar Kotun Tarayya da ke zama a Abuja ta yanke wani hukunci wanda ya taɓa harkar watsa labarai ta Nijeriya tun daga tushe. Mai Shari'a James Omotosho ya hana Hukumar Kula da Gidajen Rediyo da Talbijin ta Ƙasa, watau NBC, cin tarar kowace tasha, ya kuma soke tarar N500,000 da hukumar ta ɗora wa kowace ɗaya daga cikin tashoshi 45 a watan Maris na 2019. Dalilin da alƙalin ya bayar shi ne, hukumar ba kotu ba ce, saboda haka bai halatta ta zama ita ce mai ƙara, ita ce mai bincike, kuma ita ce mai yanke hukunci a kan magana guda ba.

Wannan hukunci ya ƙara wa muhawarar da aka daɗe ana yi kan gyaran dokar hukumar zafi. A gefe guda akwai masu neman sabuwar doka wadda za ta ƙarfafa hannun hukumar, a ɗaya gefen kuma akwai masu gidajen watsa labarai da ƙungiyoyin 'yan jarida waɗanda ke neman a raba aikin karɓar ƙorafi da aikin yanke hukunci. Mai kallo daga nesa zai ɗauka magana ce ta lauyoyi da 'yan jarida kawai. Amma duk wanda ya zuba jarinsa a tasha, da bankin da ya ba da rancen sayen kayan aiki, da ɗan kasuwar da ya biya kuɗin tallar wata uku gaba ɗaya, kowannensu yana da ruwa da tsaki a ciki, domin ranar da aka rufe tasha kuɗinsu ne ke tsayawa.

Asalin Hukumar Da Ikonta

Idan dai ba a manta ba, har zuwa farkon shekarun 1990 gwamnatin tarayya da gwamnatocin jihohi ne kaɗai ke da gidajen rediyo da talbijin a ƙasar nan. Gwamnatin Janar Ibrahim Badamasi Babangida ce ta buɗe ƙofa ga 'yan kasuwa da Dokar Soja mai lamba 38 ta 1992, wadda ta kafa hukumar NBC, aka kuma naɗa Dokta Tom Adaba ya zama Babban Daraktanta na farko. An yi wa dokar kwaskwarima da Dokar Soja mai lamba 55 ta 1999. Gidan rediyon Raypower ya fara aiki a Legas a 1994, talbijin na AIT ya biyo baya a 1996, sa'an nan gidan rediyon Freedom ya buɗe a Kano a ƙarshen 2003. Daga nan tashoshi suka yi ta ƙaruwa har suka kai ɗaruruwa.

Dokar ta tara wa hukumar ayyuka masu yawa a hannu ɗaya. Ita ce ke karɓar takardun masu neman lasin ta miƙa wa Shugaban Ƙasa ta hannun Ministan Watsa Labarai, domin sashe na 39 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce sai da amincewar Shugaban Ƙasa wani zai mallaki tasha. Ita ce ke tsara kundin ƙa'idojin watsa shirye-shirye, wanda aka fara fitarwa a 1993. Ita ce ke karɓar ƙorafe-ƙorafen jama'a ta bincika, kuma ita ce dokar ta ba ikon tsayar da hukunci da zartar da shi, har da ƙwace lasin. Bugu da ƙari, Shugaban Ƙasa ne ke naɗa shugabanninta, dokar kuma ta ba Minista ikon ba ta umarni, ta wajabta mata bin umarnin.

A zamanin mulkin soja ba a ga wani aibu ga wannan tsari ba, domin haka aka gina kusan dukan hukumomin gwamnati. Matsalar ta fito fili ne bayan dawowar mulkin farar hula, lokacin da yawancin shirye-shiryen da ake hukunta tashoshi a kansu suka zama na siyasa, waɗanda sau da yawa gwamnatin da ta naɗa shugabannin hukumar ce ake suka a cikinsu.

Jerin Hukunce-Hukuncen Da Aka Yi

A watan Oktoba na 2005 an rufe AIT da Raypower na ɗan lokaci saboda yadda suka ba da labarin haɗarin jirgin saman Bellview. A watan Maris na 2006 an hana gidan rediyon Freedom na Kano watsa shirye-shirye daga ƙarfe 5 na yamma zuwa 10 na dare, watau daidai lokacin da masu sauraro suka fi yawa kuma talla ta fi tsada. A watan Fabrairu na 2013 an dakatar da lasin tashar Wazobia ta Kano a kan wani shiri da ya shafi allurar rigakafin shan-inna, kwanaki kaɗan bayan 'yan bindiga sun kashe ma'aikatan rigakafi a birnin. A ran 6 ga watan Yuni, 2019, an sake dakatar da lasin AIT da Raypower, kashegari kotu ta ba da umarnin a koma yadda ake kafin dakatarwar.

Daga 2020 ne tara ta zama babbar sandar hukumar. A ran 4 ga watan Agusta na wannan shekara Ministan Watsa Labarai na lokacin, Alhaji Lai Mohammed, ya ƙaddamar da gyararren kundin ƙa'idoji na shida, wanda ya ɗaga tarar kalaman ƙiyayya daga N500,000 zuwa Naira miliyan 5, watau ninki goma a tashi ɗaya. Abin lura shi ne, hukumar gudanarwar NBC ta lokacin, a ƙarƙashin Alhaji Ikra Aliyu Bilbis, ta fito fili ta ce ba da yawunta aka yi gyaran ba. Cikin wannan wata aka ci tarar tashar Nigeria Info ta Legas Naira miliyan 5 a kan hirar da ta yi da marigayi Dokta Obadiah Mailafia. A watan Oktoba aka ci tarar Channels da AIT da Arise Naira miliyan 3 kowacce saboda labaran zanga-zangar neman rushe rundunar SARS.

A watan Janairu na 2022 hukumar ta dakatar da shirin Idon Mikiya na gidan rediyon Vision. A watan Agusta na shekarar ta ci tarar Trust TV da kamfanonin Multichoice da TSTV da NTA-Startimes Naira miliyan 5 kowanne, saboda nuna shirye-shirye na musamman kan 'yan bindigar daji na Arewa maso Yamma. A ƙarshen watan Maris na 2023 kuma aka sake cin tarar Channels Naira miliyan 5 a kan hira da Sanata Yusuf Datti Baba-Ahmed.

Lissafin Tara

Ga mai nazarin tattalin arziki, tarar da aka yanke mata adadi ɗaya ga kowa tana da illa iri biyu. Ta farko ita ce rashin daidaito tsakanin babba da ƙarami. Naira miliyan 5 ba wani abu ba ce ga kamfanin talbijin na tauraron ɗan'adam mai miliyoyin masu biyan kuɗin wata, amma ga ƙaramar tashar FM a Gusau ko Jalingo kuɗi ne da zai iya cinye albashin ma'aikata na watanni. A 2020 mafi ƙarancin albashi a Nijeriya N30,000 ne, ke nan tara ɗaya ta yi daidai da albashin wata na ma'aikata 166. Sakamakon haka shi ne, ƙaramar tasha takan guje wa duk wani shiri mai ɗan zafi, ko da kuwa gaskiya ce a cikinsa, babba kuwa takan lissafa tarar cikin kuɗin gudanarwa ta ci gaba da harkarta.

Illa ta biyu ita ce hauhawar farashi da faɗuwar darajar Naira. A watan Agusta na 2020, lokacin da Dalar Amurka take wajen N380 a farashin gwamnati, Naira miliyan 5 ta haura Dala 13,000. A 2024, da Dala ta kai wajen N1,500, wannan adadi bai kai Dala 3,500 ba. Duk tarar da aka rubuta da lamba a cikin kundi haka za ta riƙa zaizayewa, har wata rana a wayi gari a ninka ta sau goma ba zato ba tsammani, kamar yadda aka yi a 2020.

Wajibi ne kuma a dubi halin da tashoshin ke ciki. A watan Yuli na 2020 gwamnati ta bayyana cewa tana bin gidajen rediyo da talbijin bashin Naira biliyan 7.8, ta yafe musu kashi 60 cikin 100 bisa sharaɗin su biya sauran cikin wata 3. Duk da haka, a ran 19 ga watan Agusta, 2022, hukumar ta ba da sanarwar ƙwace lasin tashoshi 52 saboda bashin kimanin Naira biliyan 2.6, cikinsu har da na gwamnatocin jihohi, kafin daga bisani ta dakatar da umarnin. Tasha kuwa na'urarta ba ta aiki sai da wuta, kuma mafi yawansu da janareta suke kwana suke tashi. Tsadar man dizal tun daga 2022, da cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, da ƙarin kuɗin lantarki na watan Afrilu na 2024, duk sun faɗa a kan masana'antar da dama can take fama da bashi.

Sai dai abin da ya fi damun mai jari ya wuce girman tarar. Ɗan kasuwa yana iya shirya wa kowane irin kuɗi idan ya san adadinsa da lokacinsa da dalilinsa. Abin da ba ya iya shirya wa shi ne wasiƙar da za ta iso da safe ta ce a biya cikin kwanaki kaɗan ko a rufe, ba tare da an ji ta bakinsa ba, kuma ba shi da wurin kai kuka sai wurin wanda ya rubuto wasiƙar. Lasin tasha na shekara 5 ne, alhali kuɗin da aka kashe wajen gini da hasumiya da na'urori ba ya dawowa cikin shekara 5. Bankin da ya ga cewa ana iya tsayar da kuɗin shigar tasha a dare ɗaya, ko dai ya ƙi ba da rance ko ya tsawwala kuɗin ruwa. A ƙarshe masu hannu da shuni na siyasa ne kaɗai za su iya ɗaukar irin wannan kasada, wanda hakan ke ƙara cusa siyasa cikin mallakar tashoshi.

Abin Da Kotuna Suka Ce

Ƙungiyar Media Rights Agenda ce ta shigar da ƙarar da Mai Shari'a Omotosho ya yanke hukunci a kanta, inda ya dogara da sashe na 6 na Tsarin Mulki, wanda ya damƙa ikon shari'a a hannun kotuna. A watan Janairu na 2024, a wata ƙarar da ƙungiyar ta sake shigarwa, Mai Shari'a Rita Ofili-Ajumogobia ta soke tarar Naira miliyan 5 da aka ɗora wa Trust TV da kamfanonin nan uku, ta kuma rushe sassan kundin da suka ba hukumar ikon cin tara. Kafin wannan, a watan Oktoba na 2023, Kotun Ƙungiyar ECOWAS ta yanke cewa wasu sassan kundin sun saɓa wa 'yancin faɗin albarkacin baki da Yarjejeniyar Afirka kan Haƙƙin Ɗan'adam ta tanada.

Wannan tambaya ta ko hukumar gwamnati tana da ikon cin tara ba ta tsaya kan NBC kaɗai ba, kuma a nan ne ta shafi kowane kamfani a ƙasar nan. A 2018 Kotun Ɗaukaka Ƙara da ke Kalaba ta yanke cewa hukumar NOSDRA mai kula da malalar mai ba ta da ikon cin tarar kamfanin Mobil ba tare da zuwa kotu ba. Amma shekaru kaɗan kafin haka Kotun Ɗaukaka Ƙara ta amince wa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta ci tarar direbobi. A harkar sadarwa kuwa, hukumar NCC ta ci tarar kamfanin MTN Naira tiriliyan 1.04 a watan Oktoba na 2015 saboda layukan da ba a yi wa rajista ba, hannayen jarin kamfanin suka faɗi a kasuwar Johannasbag, shugabansa ya yi murabus, aka kuma sasanta a kan Naira biliyan 330 a watan Yuni na 2016. Duk tsarin da Majalisa ta tsayar wa NBC, ba mamaki ya zama abin koyi ga sauran hukumomi.

Akwai kuma darasin lokaci. Tsakanin tarar Maris 2019 da hukuncin Mayu 2023 an yi shekara 4 da wata 2. Tsakanin tarar Agusta 2022 da hukuncin Janairu 2024 an yi wata 17. Tashar da aka zalunta tana iya durƙushewa kafin ta ga ƙarshen shari'a. Haka nan idan aka ce duk laifin da tasha ta yi sai an kai ta babbar kotu, to wadda ta tunzura jama'a ana gobe zaɓe za ta sha, domin kafin a yanke hukunci aikin gama ya gama.

Gyare-Gyaren Da Aka Gabatar

A watan Yuni na 2021 kwamitin watsa labarai na Majalisar Wakilai ya saurari ra'ayoyin jama'a kan shirin dokar gyaran NBC wanda shugaban kwamitin, Olusegun Odebunmi, ya gabatar. A wurin ne Minista Lai Mohammed ya nemi a sanya kafofin intanet ƙarƙashin ikon hukumar. Ƙungiyoyin 'yan jarida suka yi ca, manyan jaridu suka fito da shafin farko iri ɗaya na nuna adawa a ran 12 ga watan Yuli, daga nan mai shirin dokar ya ba da sanarwar jingine shi. A watan Oktoba na 2023 kuma Babban Daraktan hukumar na lokacin, Malam Balarabe Shehu Ilelah, ya bayyana cewa an aika wa Majalisar Dokoki ta Ƙasa shirin dokar da zai soke tsohuwar ya kawo sabuwa, wadda za ta haɗa har da kafofin sada zumunta.

Abin da ya faru a waɗannan lokuta biyu shi ne, hayaniyar da ta tashi kan kafofin intanet ta danne maganar da ta fi muhimmanci ga masu tashoshi, watau yadda ake karɓar ƙorafi da yadda ake hukunci. Ƙungiyoyin kare 'yancin watsa labarai sun daɗe suna neman abubuwa biyu a wannan fanni: a 'yantar da hukumar daga umarnin Minista ta hanyar sanya hannun Majalisa a naɗi da cire shugabanninta, sa'an nan a ba tashar da ake tuhuma damar kare kanta da damar ɗaukaka ƙara zuwa wani wuri dabam.

Tsarin Mulki bai rufe wannan ƙofa ba. Sashe na 36 ya ce kowa yana da haƙƙin a saurare shi cikin adalci a gaban kotu ko wata kotun musamman da doka ta kafa, muddin an tsara ta yadda za ta kasance mai cin gashin kanta. Nijeriya kuwa ta riga ta saba da irin waɗannan kotuna a harkar kasuwanci. Akwai Kotun Musamman ta Zuba Jari da Hannayen Jari, wadda dokar 1999 ta kafa, dokar 2007 kuma ta ɗora mata wa'adin wata 3 na gama kowace shari'a. Akwai Kotun Ɗaukaka Ƙarar Haraji. Akwai Kotun Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye, wadda a watan Afrilu na 2025 ta tabbatar da tarar Dala miliyan 220 da aka ci kamfanin Meta. Dokar hukumar ARCON ta 2022 ma ta kafa kotun musamman ta laifuffukan talla. Idan aka yi wa harkar watsa labarai irin wannan, NBC za ta tsaya a matsayin mai sa ido da gabatar da ƙara, wasu dabam su yanke hukunci cikin ƙayyadadden lokaci.

Su ma masu sana'ar sun yi nasu yunƙuri. A watan Afrilu na 2023 ƙungiyoyin masu jaridu da editoci da 'yan jarida, tare da Ƙungiyar Gidajen Rediyo da Talbijin ta Nijeriya, watau BON, suka ƙaddamar da wata hukumar sauraron ƙorafe-ƙorafen jama'a mai wakilai 9, a ƙarƙashin Mista Emeka Izeze. Irin wannan hukuma tana iya warware ƙananan koke-koke cikin sauƙi da araha, ko da yake ba ta da ikon taɓa lasin kowa.

Yadda Wasu Ƙasashe Ke Yi

A Afirka ta Kudu hukumar ICASA tana da kwamitin ƙorafi na musamman wanda doka ta ce alƙali ko gogaggen lauya ne zai shugabance shi. Kwamitin ne ke sauraron ɓangarori biyu a bainar jama'a, sa'an nan ya miƙa shawarar hukunci ga majalisar hukumar. A 2007 Kotun Tsarin Mulkin ƙasar ta duba irin wannan tsari ta ce bai saɓa wa doka ba. Ban da wannan, tun 1993 masu tashoshin ƙasar suka kafa tasu hukumar ƙorafi, wadda doka ta amince da ita. A Kenya kuwa gyaran dokar 2013 ya kafa kotun musamman wadda ake kai ƙarar hukuncin hukumar sadarwa gabanta.

A Ingila hukumar Ofcom ce ke bincike kuma ita ce ke hukunci, amma an ɗaure ta da matakai. Mai ƙorafi yana da kwanakin aiki 20 daga ranar da aka watsa shiri. Idan hukumar ta ga akwai abin bincike sai ta rubuta wa tasha ra'ayinta na farko, tasha ta mayar da martani, kafin a tsayar da magana a buga ta tare da dalilai kowa ya karanta. Iyakar tara ga yawancin tashoshin talbijin ita ce Fam 250,000 ko kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigarsu, duk wanda ya fi yawa, kuma kuɗin baitulmalin gwamnati yake tafiya. Hukumar ta ci tarar tashar RT ta Rasha Fam 200,000 a 2019, ta ƙwace lasinta a watan Maris na 2022. Kotu kuma tana nan a sama da ita, kamar yadda aka gani a watan Fabrairu na 2025 lokacin da Babbar Kotu ta soke wasu hukunce-hukuncenta biyu a kan tashar GB News.

Darussa biyu na kuɗi ne ke cikin wannan misali. Ɗaure tara da kuɗin shigar tasha yana sa babba da ƙarami su ji zafi daidai ƙarfinsu, kuma hauhawar farashi ba ta cinye ta. Tura kuɗin tara baitulmali kuwa yana kawar da zargin cewa hukuma tana hukunci ne don cika aljihunta.

Haƙƙin Mai Ƙorafi

A cikin wannan muhawara an fi mantawa da mutumin da aka kafa tsarin ƙorafi dominsa. Akwai ɗan kasuwar da wani ya bugo waya a shirin kai tsaye ya ce kayansa jabu ne, kasuwarsa ta mutu cikin mako guda. Akwai magidancin da ya sayi magani saboda tallar da ta yi alkawarin warkar da kowace cuta. Kundin ƙa'idojin ya tanadi haƙƙin mayar da martani ga wanda aka ɓata wa suna, amma fitattun hukunce-hukuncen da aka lissafa a sama kusan dukansu kan siyasa da tsaro ne. Abin da irin wannan ɗan kasuwa yake bukata shi ne a janye maganar a daidai lokacin da aka faɗe ta, cikin kwanaki kaɗan, tun kafin abokan cinikinsa su watse. Tarar da aka biya gwamnati ba ta mayar masa da ko kwabo.

Saboda haka duk gyaran da za a yi ya kamata ya fayyace inda ake kai ƙorafi a kowace jiha, da harshen da mutum yake ji, da wa'adin amsa masa, da kuma buga sakamakon kowane ƙorafi a kai a kai. Buga hukunci tare da dalilansa yana da wani amfani ga tashoshin kansu, domin da shi ne edita zai san inda iyaka take tun kafin ya taka ta.

Haɗarin Barin Giɓi

Wasu masu tashoshi sun yi murna da hukunce-hukuncen kotu, amma akwai abin dubawa. Tara ita ce hukunci na tsaka-tsaki. Idan aka cire ta ba a kawo madadinta ba, abin da ya rage a hannun hukuma shi ne gargaɗi a ƙasa, dakatarwa da ƙwace lasin a sama. Tashar da aka rufe mako biyu takan yi asarar da ta fi Naira miliyan 5 idan babba ce, ga albashi yana tafiya, ga masu talla suna neman a mayar musu da kuɗinsu, ga masu sauraro sun koma wata tashar.

Har ila yau, inda babu tsayayyen tsari mai sauri wanda kowa ya yarda da shi, masu mulki sukan ɗauki doka a hannunsu. A watan Oktoba na 2022 gwamnatin Jihar Zamfara ta ba da umarnin rufe wasu tashoshi, cikinsu har da NTA ta Gusau, saboda ɗaukar taron jam'iyyar adawa, NBC kuma ta ce matakin ya saɓa wa doka. A watan Agusta na 2025 Gwamnan Jihar Neja, Umaru Bago, ya ba da umarnin rufe gidan rediyon Badeggi da ke Minna, Ministan Watsa Labarai Alhaji Mohammed Idris ya tunatar da cewa NBC ce kaɗai ke da hurumin dakatar da lasin tasha. A waɗannan lokuta hukumar ce ta zama garkuwar tashoshi, abin da ke nuna cewa raunana ta ba riba ba ce gare su.

Abin Da Ya Rage Ga 'Yan Kasuwa

Duk lokacin da shirin dokar NBC ya sake zuwa gaban Majalisa, akwai tambayoyin da ya kamata mai jari ya nemi amsarsu a cikinsa. Wa zai yanke hukunci, kuma wa ke naɗa shi da cire shi? Za a ji ta bakin tasha kafin hukunci? An ɗaure tara da kuɗin shiga, kuma ina kuɗin zai tafi? Ɗaukaka ƙara tana tsayar da biya da rufewa har a gama shari'a? A wane hali ne kaɗai za a iya dakatar da shiri nan take, alal misali idan ana tunzura jama'a ga zubar da jini, kuma kwana nawa aka ba hukuma ta kai maganar gaban masu shari'a?

Kafin a kai ga haka, masu ba da talla suna iya kare kansu ta hanyar rubuta sharaɗi a cikin yarjejeniya cewa idan aka dakatar da tasha ko shiri za a mayar musu da kuɗin da ya rage ko a rama musu lokacinsu. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da masu masana'antu na jihohi kuma bai kamata su bar zaman sauraron ra'ayin jama'a ga lauyoyi da 'yan jarida kaɗai ba, tun da a garuruwa da ƙauyuka da yawa rediyo ce babbar hanyar da mai kaya ke isa ga mai saye. Dokar da ake aiki da ita an rubuta ta ne a 1992, lokacin da babu tashar rediyo mai zaman kanta ko ɗaya a ƙasar nan, kuma nauyin sabunta ta yana wuyan Majalisar Dokoki ta Ƙasa.